Kalmar da Ba a Faɗi a Gidan Malam Mamman

Da gardama suka fara, 'ya'yan nan, ba da murmushi ba.

Wata ƙungiyar makiyaya ta Dumega ce ta ɗauke su su gina mata shafin intanet na adana bayanin rigakafin shanu. Shamsiyya ta shigo ɗan ofishin a Dogon Dutsi, ta tarar da wani dogon saurayi, Mus'ab, ya baje kwamfuta kamar gidansu.

"Da manhajar Flask za mu gina shafin," ya ce. "Abin da zai haɗa shi da rumbun bayanai kuwa, na zaɓi Peewee. Ba shi da nauyi."

"Ka zaɓa, kai kaɗai?" ta ce. "Ni SQLAlchemy nake so. Yau shanu ne, gobe su ce a sa raƙuma. Ranar da za a sauya fasalin rumbun nan, za ka tuna da ni."

Ai kuwa ya tuna da ita tun kafin ranar ta zo. Kafin damina ta faɗi, shi yana ce mata Ranata, ita tana ce masa Mai Taurin Kai, gardamar kuma tana nan.

Amma gidan su Shamsiyya ba gidan dariya ba ne. Yayanta Khalil ya bi hanyar Agadas zai tsallaka hamada, motarsu ba ta isa ba. Babu gawa, babu kabari. Mahaifiyarsu Inna Ajuma har yau tana wanke rigarsa ta shanya. Mahaifinsu Malam Mamman kuwa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da rediyo ya ambaci "migration", wato ƙaurar matasa zuwa waje, sai ya kashe shi ya fita.

Wata rana saƙon Mus'ab ya shigo wayar Shamsiyya:

"Ranata, na sallama, hanyarki za mu bi. Juma'a da safe mu yi migration ɗin, kafin mutane su taso. Ki zo da wuri, ba na iyawa ba tare da ke ba."

Wayar tana hannun Abdurrahman mai gyaran waya, wanda ya daɗe yana neman Shamsiyya tana kaucewa. Ya karanta, ya rufe shago, ya nufi gidan Malam Mamman ya kai masa labari.

Malam Mamman bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

"Ɗiyata," ya ce wa Shamsiyya, "na ba hamada ɗa guda. Ba ni ƙara mata. Yaron nan kada ya sake taka ƙofata."

"Baba, ka saurare ni, migration ɗin nan..."

Kalmar na fita, ya tashi ya bar mata tabarma. Kwanaki tana binsa, ko gaisuwarta ba ya amsawa. Ta yi kuka ta gaji.

Ranar Juma'a ta sulale ta tafi ofis, don makiyaya na jiran aikinsu. Suna cikin shiri sai ga Inna Ajuma ta sauko daga kabu-kabu, mayafi a karkace.

"Ke! Kina nan? Ubanki na tasha tun safe!"

Can suka same shi, babu hula, yana leƙa kowace motar haya, yana buga gilashi. Direbobi sun daina korarsa. Wani lokaci ya kira Shamsiyya, wani lokaci ya kira Khalil.

Ta riƙe hannunsa. "Baba, ga ni."

Ya dube ta kamar bai yarda ba, sannan ya zauna a ƙasa. Mus'ab ya durƙusa gabansa, ya buɗe kwamfutar a nan bakin kwalta.

"Baba, a gafarce ni, bakina ne ya ja. A aikinmu kalmar nan ba tafiya ba ce. Rumbu ne ya yi kaɗan, muka sake masa fasali, za a kwashe hatsi a mayar. Shamsiyya ce ta zaɓi abin da zai yi kwasar, ni na yi ta musu. Shi ke nan."

Shamsiyya ta danna maɓallin kwamfutar. Sunayen makiyaya da shanunsu suka yi ta wucewa, har suka tsaya.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Duk sun isa?"

"Duk, Baba."

"Ba wanda ya ɓace a hanya?"

"Ko ɗaya."

Sai ya rufe fuska da hannun rigarsa. Kukan da bai yi ba tun tafiyar Khalil, a tashar nan ya yi shi, Inna Ajuma tana tsugune kusa da shi.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ba a yi kiɗa ba, gidan bai shirya ba tukuna. Malam Mamman ya kafa wa ango sharaɗi guda: aikin nan, a gabansa, "gyaran rumbu" ne sunansa.

Da za a kai amarya, tsohon ya tako da kansa har ƙofar ɗakinta, unguwa ɗaya ce tsakani. Sai da ya ga ta shiga, sannan ya juya ga Inna Ajuma ya ce, "Ta isa."

Allah ya zaunar da su lafiya, ya sa kowane matafiyi ya isa inda ake jiransa.