Surukin da Ya Nemi Ƙari

A kasuwar Tasawa Rahina ta fara ganin Lamine, tana cinikin akuya. Likitan dabbobi ne daga Senegal. Hausa ta zauna a bakinsa, amma kunyar Hausawa ko kusa ba ta kama shi ba. Ya duba haƙoran akuyar, ya ce kada ta saya, sannan ya tambayi sunanta yana dariya. Ta sunkuyar da kai, amma fa ta faɗa.

Wata uku suna waya kafin ya je gaida iyayenta a Attantane, can kuwa ya tafka ɓarna. Ya miƙa wa mahaifinta, Malam Tanko, hannu yana kallon tsabar idonsa. Ya cinye tuwo tas, ya leƙa madafa ya yaba miya, har ya nemi ƙari. A ƙasarsu haka ake girmama masu gida.

"Wanga bai da kunya," in ji Malam Tanko. "Ba ni ba shi ɗiyata."

Rahina ta sha kuka, sannan ta tura saƙo: "Chéri, masoyina, in ka dawo ka durƙusa, ka dubi ƙasa, kada ka taɓa abinci."

"Zan yi, hasken idona," ya amsa, "ko da zuciyata za ta ce na raina gidanku."

Ranar Juma'a ya dawo ya durƙusa, Rahina na bayan zana tana leƙe. Aka ajiye kwano, ko kallonsa bai yi ba. Sai ga kakar Rahina, Iya Jummai, mai miyar, ta fito tana dogara sanda.

"Wa ya ɓata mani baƙo? Tanko, shekara hamsin ina tuƙa tuwo gidanga, ba wanda ya taɓa yaba mani sai yaron ga."

"Iya, ba al'adarmu ba ce."

"Tasu ce. Ya yi tasu don ya girmama mu, yau ya yi tamu saboda Rahina, cikinshi na kuka ina ji daga nan. Mi kake so kuma?"

Dariya ta kuɓuce wa Malam Tanko. "Gyara zama ka ci, ɗana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Iya ta dafa kan ango da amarya.

"Allah shi ba ku zuri'a mai kunyar uwa da sakin fuskar uba."