Karatu a Gaban Suruki

"Yau ma ba ka je wurin karatun su Ishaya ba," in ji Mashkura.

Muhyiddeen yana tsaye a bakin zaure, yana kankare jar laka daga takalminsa da tsinke. Ya ce ai da idonta ta gani, Babanta ne ya riƙe shi.

"Baba bai ɗaure ka da igiya ba, Muhyi."

"To me kike so in ce masa? In ce Baba ya isa haka, na fi ka sani?"

Daga cikin gida ana jin tarin mahaifinta, irin tarin mutumin da ya yi magana tun la'asar bai huta ba, kuma ya ji daɗin hakan.

Lokacin ne gwamnati take kwaso kayanta daga Legas. Tireloli suna shigowa Abuja cike da fayil da kujerun da ba su cancanci kuɗin mota ba. A gaban ɗaya daga cikinsu Muhyiddeen ya zo, ƙaramin akawu ɗan Zariya da aka turo rakiyar takardu. Takardun sun samu ɗaki mai fanka. Shi kuwa a Nyanya yake kwana, a tabarmar wani abokinsa.

Sai ma'aikatarsu ta sanar cewa duk ƙananan ma'aikatan da aka aro za a mayar da su Legas, in ban da wanda ya ci jarrabawar shiga sahun jami'ai. Kujerun kaɗan ne, masu nema kuwa ko'ina ka juya.

Malam Lawal, mahaifin Mashkura, ya ce yaron ya kwanta masa, amma 'yarsa ba za ta zauna a Legas ba. Ya yi rabin rayuwarsa a can, ya san abin da ɗaki ɗaya a Obalende yake yi wa aure. In Muhyiddeen ya ci, a ɗaura aure bayan Babbar Sallah. In bai ci ba, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.

Da a nan ya tsaya, da an ji sauƙi. Amma sai ya ce shi da kansa zai koya wa yaron.

Malam Lawal ya fara aiki a Kaduna tun ana biyan albashi da fam da sule. Ya taɓa rubuta irin wannan jarrabawa ya zo na ɗaya, kuma babu wanda ya sha shayi a gidansa bai ji labarin ba. Da ya yi ritaya aka karɓe gidan gwamnati na Garki kafin ya gama cire labule, ya dawo Mararaba inda ya yi ɗan gini. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa komai, sai ko ƙarfe nawa.

Kullum aka tashi daga ofis, Muhyiddeen zai cusa kansa cikin bas zuwa Mararaba, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye. Baba kuma ya kishingiɗa ya fara, duk daga kansa ba takarda: alawus ɗin doki, alawus ɗin keke, yadda ake buɗe wasiƙa zuwa ga Razdan na zamanin Turawa, da cewa duk kuɗin ma'aikata a wuyan babban sakatare yake. Sojoji sun soke wannan muƙami shekarun baya kaɗan, sun sa darakta-janar, sun ɗora alhakin kuɗin a kan minista. Muhyiddeen ya sani. Amma yana cewa, "Haka ne, Baba."

A daidai wannan lokacin, Ishaya, abokin aikinsa, yana tara mutane a wani ofis a Garki. Su ɗauko tambayoyin shekarun baya, su ajiye agogo a kan tebur, kowa ya rubuta amsa, sannan su yi musaya su yi wa juna maki ba sani ba sabo.

Mashkura malamar firamare ce a Karu. Ta san ɗalibin da ya fi kowa gyaɗa kai shi ne yake miƙa farar takarda.

"Yaushe rabon da ka riƙe biro ka amsa tambaya guda daga farko har ƙarshe?"

Ya ce yana karatu da asuba. Ta ce ƙarya ne, an faɗa mata a bas yake barci har a wuce da shi. Sai ya faɗa mata abin da yake ɓoyewa: jiya Ishaya ya tare shi a matakala ya tambaye shi wa ke da alhakin kuɗin ma'aikata, bakinsa ya ce babban sakatare kafin kansa ya farka. Har masinja ya yi dariya.

"Abubuwan sun fara cakuɗe mini, Mashkurata... na Baba da na yanzu."

"To ni zan faɗa masa."

"Wallahi in kika faɗa, ba zan iya sake haɗa ido da shi ba."

"In ban faɗa ba, daga Legas za ka riƙa haɗa idon."

Ta fara gwada mahaifiyarta. Inna Lantana tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita tun da aka kawo ta gidan Malam ba ta taɓa ce masa hularsa ta karkace ba, kuma ba yau za ta fara ba. Ta ƙara da cewa rabon da ta ga ya cinye tuwonsa tas tun kafin ritaya, sai da yaron nan ya fara zuwa. Ta ce Mashkura dai ta yi addu'a.

Ta yi addu'ar, amma zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. A makaranta ta ba wani yaro maki cikakke a lissafin da bai yi ba. In ta ji muryar Baba yana bayanin alawus ɗin doki, sai ta ji kamar ta fasa kwano don kawai a yi shiru.

Ranar wata Asabar da hantsi ta sami Baba a baranda, rediyo a gefe, yana goge tabarau. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ta shirya maganar da kyau tun daren jiya, amma da ta buɗe baki sai ta fito a tsirara.

"Baba... abin da kake koya wa Muhyiddeen an daina aiki da shi. An canza dokokin. Yana jin kunyarka ne. In aka ci gaba haka zai faɗi."

Malam Lawal ya ci gaba da goge tabarau har sai da ta zaci bai ji ba. Sannan ya rage muryar rediyon.

"Kina tsammani ba na karanta jarida?"

Ta ɗago.

"Ranar da aka soke babban sakatare ina zaune a kan wannan kujera na ji. Na sani, Mashkura. Na ce zan ba shi tushe kwana biyu, sannan in sallame shi. Sai na ga mutum yana zaune yana saurarona..." Ya sa tabarau ɗin. "Sai kwana biyun suka ƙi ƙarewa."

Hawaye ya zubo mata. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ta tashi, ƙasa da sanyi.

Da yamma Muhyiddeen ya zo, ya fara cire takalmi. Baba ya ce ya mayar. Ya ce daga yau kada ya sake taka ƙofar gidan nan, ko da sunan gaisuwa, ko da sunan zance, sai ya rubuta jarrabawa. Ya koma wurin masu agogo. In ya shiga ɗakin jarrabawa ya karanta tambaya sau biyu, ya fara da wadda ya fi sani, kuma kada ya kalli takardar na kusa da shi, domin shi ma a tsorace yake.

"Wannan dai ba su soke shi ba tukuna," in ji Baba, ya shige ciki.

Ranar Litinin Muhyiddeen ya tare ta a ƙofar makaranta, idonsa ja. Ya ce ta tozarta shi, ta tozarta tsoho. Ta ce ta ji, ya tafi ya yi karatu. Ya ce ashe zuciyarta dutse ce. Ta ce in ya ci jarrabawa ya dawo ya duba.

Makonnin da suka biyo baya ba ta gan shi ba. Labarinsa kawai take ji: ya rame, Ishaya ya ba shi maki mai ban kunya a gwajin farko, ya yi fushi, ya dawo, makin ya fara hawa. A gida kuwa Baba ya daina fitowa baranda da la'asar. Tuwonsa ya koma dawowa da saura. Inna Lantana kuwa takan ajiye kwanon a inda Mashkura za ta gani.

Sakamako ya fito ana saura kwanaki Sallah. Muhyiddeen ya ci, can kusa da ƙarshe, amma kujera ba ta tambayar na nawa ka zo. Ishaya, wanda ya koya wa kowa, bai samu ba. Ya bi tirelar da ta sauke fayil ya koma Legas. Haka gwamnati take saka wa mutane.

Muhyiddeen ya zo Mararaba a guje, bai ko tsaya kankare laka ba.

"Rabin raina... na zauna. Abuja ta karɓe ni."

Ta yi dariya tana kuka, ta ce ya shiga ya faɗa wa Baba. Baba ya sa masa albarka, ya tambayi lafiyar mutanen Zariya. Bai tambayi ko tambaya ɗaya da ta fito ba.

An ɗaura aure bayan Sallah. An ba su ciki da falo a kwatas ɗin Karu, ruwa yana zuwa in ya ga dama. Ranar da za a kai ta, aka shigar da ita wurin mahaifinta don nasiha. Kowa ya gyara zama, an san Malam Lawal da dogon bayani. Ya ce ta ji tsoron Allah, ta yi haƙuri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ta kama ƙafarsa ta cikin mayafi.

"Baba, har yanzu kana fushi da ni?"

Ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ban taɓa yi ba. Daidai kika yi, 'yar nan. Shi ya sa ya yi zafi."