Kwamfutar Likitan Haƙori

An sace kwamfutar asibitin haƙori ranar Talata, kuma maigadin wurin, wani tsoho, ya kwana biyu a rufe a kan laifin.

Insfekta da kansa ya rufe shi. Likita ya ce maigadi ne, Insfekta ya dubi farar rigar likita, ya dubi yagaggen takalmin tsoho, ya sa hannu a takarda. Sai ranar Alhamis Insfekta ya leƙa ofishin Likita.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne. Tebur, kujera, da babban hoto a bango na baƙaƙen haƙora, an rubuta DAINA SHAN TABA. Allon kwamfutar na nan, firinta na nan. Akwatin injin kwamfutar kawai aka ɗauke.

"Ɓarawon nan mai tausayi ne," in ji Insfekta. "Ya bar muku mai sauƙin ɗauka."

"Wa ya san zuciyar ɓarawo, yallaɓai?" Likita ya amsa. Yatsunsa biyu na naɗe da filasta.

"Hannun fa?"

"Ruwan zafi."

Insfekta ya ja tukunyar furen da ke kan tebur. Ƙarƙashinta katako ya ƙone baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Ya sunkuya ya shinshina. Ƙauri, da wani ƙamshi mai zaƙi kamar alewa.

Ya kira nas, wadda ƙanwar matar Likita ce.

"Yaushe teburin nan ya ƙone?"

"Tun bara."

"Ƙaurin bara ne nake ji yau?"

Ta dubi ƙasa. "Ni dai Yaya ya ce kar in shiga ofishin ranar Talata. Iyakar abin da na sani ke nan."

Daga nan Insfekta ya bi layin masu gyara, ko wani ya kawo kwamfutar sayarwa. A shago na huɗu mai gyara ya yi dariya.

"Sayarwa? Wa zai sayi gawa? Gyara aka kawo, aka ce in rufe bakina."

Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin benci. Gabansa ya narke. A ramin da ake soka filas, ɗan abin nan na ajiye bayanai, guntuwar waya ta manne, an ɗaure ta da filastar asibiti. A ƙarshenta wani abu kamar biro ya fashe gida biyu.

"Mene ne wannan?"

"Sigarin lantarki, ranka ya daɗe, wanda ake caji. Ramin nan wuta kaɗan yake bayarwa, ta madannai da filas. Wannan kuwa na banza ne, ba shi da abin da ke tsayar da caji, ga wayar ta tsage. Kwamfutar ta yi ta yanke masa wuta, tana gargaɗi. Mai shi ya yi ta sokawa har ramin ya saki, sai ya ɗaure da filasta, ya tafi ya bar shi. An ɗora wa kaza kayan jaki. Da ya sa a cajarsa ta bango ya zauna kusa, da ba a kai nan ba."

"Wa ya kawo?"

Mai gyara ya buɗe baki ya nuna giɓi. "Wanda ya cire min wannan."

Insfekta ya koma asibitin da akwatin a hammata. Marasa lafiya shida na jira a benci. Ya wuce su, ya dire shi daidai kan tabon ƙunar.

Likita ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Me ya hana ka caji a gida?"

"Matata." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na rantse mata na daina, shekara uku ke nan. Tana duba aljihuna. Nan kuma nas na ganin soket ɗin bango. Gaban kwamfuta ne kawai ba mai kulawa, sai a ɗauka filas ne."

"Shi tsohon me ya yi maka?"

"Ba komai. Na zaci tambaya za ku yi masa ku sake shi."

Maganar ta sami Insfekta inda ba ya so.

Ya aika aka fito da maigadi. Tsohon ya iso rigarsa a yamutse, yana warin sel. Insfekta ya cire hularsa.

"Baba, ka yafe mini. Ban bincika ba."

"Ɗana, kai aikinka ka ɓata," in ji tsohon. "Ni jikokina sun ga an tafi da ni."

Ya ciro makullai ya ajiye a gaban Likita. "Shekara goma sha ɗaya, ko allura ba ta ɓata ba. Da ka ce min in jefar maka da akwatin, wallahi da na jefar, ba mai ji."

Likita ya rufe fuska da hannun nan mai filasta.

An tuhume shi da ba da rahoton ƙarya. Ya roƙi a fita da shi ta ƙofar baya, Insfekta ya ce ta gaba aka fita da tsoho. Ya tuɓe farar rigar ya rataya a kafaɗa, aka sa masa ankwa, ya wuce ƙarƙashin hoton baƙaƙen haƙoran, ya wuce benci.

A bakin ƙofa matarsa na tsaye, nas ta riga ta yi mata waya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta karɓi farar rigar, ta ninke, ta matsa gefe aka wuce da shi.