Baƙo a Kujerar Dama

Magariba ta yi, ana yayyafi a El Alto, amma Nélida mai gyaran kwamfuta ta kasa barin shagonta. Gobe mai injin zai zo ɗauka, ɗalibin tuƙin jirgi ne da jarrabawa a gabansa, ga wasan kwamfutar da yake koyon tuƙin da shi sai sarƙewa yake yi. Idonta na kan 'yar lambar kusurwar allo, mai nuna hotuna nawa injin ke zanawa a daƙiƙa. Ta canza fanka, ta rage gajimaren wasan, lambar ta hau sittin ta zauna.

Sai ta zube zuwa tara.

Warin man jirgi da na jiƙaƙƙen ulu ya cika shagon. Ba ta ji motsin ƙofa ba.

"'Yata, kin yi ƙasa da yawa," in ji muryar wani dattijo a bayanta, a shaƙe kamar daga tsohon rediyo. "Dutsen yana hagunki."

"Baba, mun tashi," ta ce, ba ta juya ba. Fanka na kuka, amma iskar da take hurowa sanyi ƙalau.

"Ja sama mana."

Ta waiwaya, ba kowa, ƙofa da sakatarta. Ta fizge wayar lasifika, muryar ba ta fasa ba. Ta karkata kallon wasan zuwa kujerar dama ta cikin jirgin, wadda kullum fanko take.

Yana zaune a kai, ɗaure da bel, ruwa na ɗiga daga hularsa. Ba dutsen yake kallo ba. Ita yake kallo.