Sandar da Uthman Ya Kafa

Ni Ɗantsoho ban shiga makaranta ba, amma na binne waɗanda suka shiga. Ku saurara.

Uthman mai tallan ruwa da amalanken jaki ne a Umbadda, unguwarmu a Omdurman. Gadonsa kaf sanda ce, wadda kakansa ya dogara tun daga Kano da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Omdurman. Duk wanda ya gaje ta cewa yake, "Baɗi za mu wuce." Uthman ya gaji da baɗi, ya nufi boka Maiturare a bayan matoyar bulo.

Rana tsaka ce, amma rumfar duhu. Ƙahonni naɗe da jan ƙyalle, ga tukunyar daskararren jini da ko ƙuda ba ya sauka a kai.

"Ya zol, ku jikokin matafiya ne," in ji boka, zol kuwa mutum ke nan a bakin 'yan garin. "Dukiya ba ta zama wa mai ƙafa ɗaya a hanya. Kafa sandar a ƙofarka, kanta a ƙasa. Abin da ya zama naka ba zai ƙara barinka ba."

"Me zan biya?"

"Na faɗa maka."

"In na fasa fa?"

"Yanzu ake fasawa. Tana shiga ƙasa, bakin alƙalami ya bushe."

Ya kafa. Jaki ya zama tankokin ruwa, ɗakin laka ya zama bene. Uthman ya daina amsa sallamata.

Sai aka ɗauki 'yarsa Zuhura amarya zuwa Bahri, tsallaken kogi. A tsakiyar gada ta yi shaƙuwa, ta cika da lallenta ɗanye. Ɗansa Walid ya sami aiki a ƙetare, ya faɗi matacce a tasha da jaka a hannu. Uwarsu Hajaratu ta zauce, tana bin gida da tsintsiya tana share sawun kowa.

Uthman ya haƙa gindin sandar, ya tarar ta yi saiwa kamar kuka. Ya ruga wurin boka yana kuka.

"A kwance mini! Ka kwashe komai!"

Maiturare ya yi dariya. "Ka taɓa ganin an mayar da nono cikin hantsa? Kibiya ta bar baka, ya zol. Su ma naka ne, ai ba su bar ka ba."

Da yaƙi ya zo, unguwa ta watse. Muna kan babbar mota ya fito yana kirana, "Baba Ɗantsoho, ku tsaya!" Daidai sandar ƙafafunsa suka ƙi gaba. Ban ce wa direba ya tsaya ba.

Ni na tsira, na kuma dawo. Kowane gida an wawashe shi, ban da nasa. Ko cokali bai fita ba. Na same su shi da Hajaratu a zaure, sun bushe. Sandar kuwa ta yi ganye shar.

Mai kwaɗayi, kafin ka ce a ɗaure maka duniya, tambayi da me za a ɗaure. Igiyar wuyanka ce.