Ɗakin Duhu na Ranar Alhamis

Kaltumi na zaune a tsakar gida bayan la'asar, littafin fizik a cinyarta, sai ga Gwaggo Iyatu, ƙanwar mahaifinta, ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Ina Yaya? A kira mini Yaya yanzu!"

Alhaji Hamadu ya fito da carbi a hannu. Atamfa yake sayarwa a kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma duk danginsu shi kaɗai ya bar 'yarsa ta kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. A shekarar 1977 ɗin nan Kaltumi ce mace tilo a ajin lissafi da fizik, cikin maza ashirin da uku. Saura wata uku ta zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare, bayanta sai bikinta da Shu'aibu, ɗan Gwaggo Iyatu, bakanike ne, wanda suka shekara uku suna son juna.

"Yaya, ashe duk Alhamis rufe tagogi ake, a ja baƙin labule, a bar 'yarka cikin duhu da ƙartin maza? Mai tuyar ƙosai a ƙofar makarantar ce ta faɗa a gidan suna, a gaban kowa!"

Kaltumi ta durƙusa. "Baba, darasin haske ne. Sai an yi duhu ake ganin yadda haske ke ratsa gilashi. Malaminmu Mesiye Émile yana tsaye a kanmu, wallahi—"

"Akwai duhun ko babu?"

"Akwai, Baba."

"Ka ji da bakinta!" in ji Gwaggo. "To ni dai ɗana ba zai auri wadda ake nunawa da baki ba."

Alhaji ya mayar da carbinsa aljihu. Ya yarda da 'yarsa, amma gobe da safe zai zauna a shago cikin mutanen da suka ji maganar. "Daga yau kin daina zuwa. Ranar jarrabawa a kai ki, ki rubuta abin da kika sani."

Kwana biyu Shu'aibu bai zo ba. Ran na uku ya tsaya a zaure, hannunsa duk baƙin mai, ya kasa ɗaga kai.

"Yaya Shu'aibu, kai ma ka yarda da maganar nan?"

"Ko a mafarki ban yarda ba. Amma Dada ta ce in na sake tako gidan nan ba da yawunta ba. Sallama kawai na roƙa ta bar ni in yi miki."

"To ni ya zan yi?"

"Ban sani ba, Kaltumi. Wallahi ban sani ba." Ya juya da sauri don kada ta ga idonsa.

Mesiye Émile ya zo har gida da kekensa, ya yi bayani da 'yar Hausarsa haɗe da Fulatanci. Alhaji ya ba shi ruwa, ya yi masa godiya, ya raka shi bakin ƙofa, maganar tana nan yadda take. Kaltumi ta ci gaba da karatu ita kaɗai a ɗaki. Babin wutar lantarki da maganaɗisu kuwa ba ta taɓa jin an koyar ba. Sai ta karanta shafi sau biyar, ta rasa wanda za ta tambaya, ta kifa kai a kan littafin tana kuka.

Ranar da aka karanta sunayen waɗanda suka ci a rediyo, gidan ya yi tsit. Aka karanta har ƙarshe, babu nata.

Duk da haka ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Duk Juma'a takan kai wa Gwaggo tuwo da kanta, ta durƙusa ta gaishe ta, ko da "lafiya" ɗaya za ta samu. Shu'aibu kuwa duk yarinyar da uwarsa ta ambata, sai ya ce, "Dada, ki yi haƙuri, ba yanzu ba." Bai ƙi umarninta ba, bai kuma sake dariya a gidan ba.

Gab da komawa makaranta, Kaltumi ta kawo tuwon Juma'a. Gwaggo ta kalli wuyanta, duk ƙashi ya fito.

"Ke, ba ki jin haushina?"

"Ina jin ciwo, Gwaggo. Amma ke uwata ce."

Gwaggo ta jawo mayafi. "Tashi mu je wurin Yaya. Ki maimaita ajin. Amma ɗakin duhun nan, ƙafata ƙafarki!"

Haka kuwa aka yi, da izinin shugaban makaranta. Duk Alhamis sai ga Gwaggo Iyatu a bencin baya da carbinta. Ranar farko da aka ja labule, ta ga ɗan siririn haske fari fat ya shiga gilashi, ya fito launi bakwai a jikin bango, yara kowa ya duƙufa yana rubutu, ba mai ko kallon Kaltumi.

"La'ilaha illallahu! Wannan ne abin da na raba yara biyu a kansa?"

Ajin ya fashe da dariya. Ita kuwa hawaye take sharewa da gefen mayafi.

Shekarar da ta biyo baya aka kira sunan Kaltumi Hamadu a rediyo, Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Shu'aibu ya nemi aikin gareji a Yawunde don matarsa ta shiga jami'a.

Shekara guda cur ta salwanta saboda maganar da ba wanda ya je ya duba. Iyaye, kafin ku yanke wa 'ya'yanku hukunci, ku taka ku gani da idonku. Ku kuma yara, in an ƙuntata muku, ku riƙe ladabi kamar Kaltumi da Shu'aibu, domin Allah ba ya manta mai haƙuri.