Dama a Kan Hagu

Sai da kwana hamsin na rasuwar 'yarta suka cika Tsuneko ta sake hawa dutsen, don a al'adarsu mai makoki ba ya taka ɗakin bautar da ke samansa. Da almuru ta iso, gwiwoyinta na zogi, dogayen itatuwa sun shanye sauran haske. Ko tsuntsu bai motsa ba.

Ta wanke hannu, ta ja igiyar ƙararrawa, ta rusuna, ta tafa sau biyu. Nan ta lura da wata budurwa a gefenta, ita ma tana tafi, amma tafin ba ya ƙara.

Tsohuwar ba ta dubi fuskar ba, idonta na kan rigar.

"Haba 'yar nan! Wace sakarya ce ta sa miki riga haka? Rufa gefen dama a kan na hagu ai na gawa ne. Matso in gyara miki kafin mutane su gani."

Ta kai hannu kan ɗamarar, ta ji ta sanyi ƙalau. Ƙullin a karkace yake.

"Bar shi haka, Inna," in ji budurwar a hankali. "Ke kika ɗaura mini. Ranar hannunki rawa yake yi."